HULAR KWANO: A KAWO HULA KAFIN A KAWO TARA

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora ran kasuwa ya sani babur shi ne jakin talaka a yau. Shi ke fito da buhun masara daga ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti daga lungunan Kiru da Bebeji. Amma tsaya ka ƙidaya, mahaya nawa za su wuce kafin ka ga ɗaya da hular kwano? Ga shi kuwa babban titin Kano zuwa Zariya suke ratsawa, kafaɗa da kafaɗa da tirela da tankar mai.

Mu ba mu ɓoye ra'ayinmu: hular kwano alheri ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa hula mai kyau, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da misalin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuwa da misalin kashi 70. Ƙafa in ta karye akwai maɗori, akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Kai fa, wa ke ɗora shi? Wanda ya faɗi a dajin Falgore, tafiya ce mai nisa tsakaninsa da manyan likitocin Kano.

To, me ya sa dokar ta ƙi zama? Jama'a, ku tuna. Ran 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta soma tilasta wa direba da fasinja sa hula. Ba a tanadi hular ba, sai 'yan kasuwa suka tsawwala kuɗinta. Me ya biyo baya? A Kano aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, har labarin ya kai gidajen rediyon Turai. Aka kama babura, aka ci tara, sa'an nan doka ta yi barci. Ashe mahukunta sun manta ba a fafe gora ran tafiya. A Janairun 2013 kuma Gwamnatin Kano ta hana acaɓa cikin birni saboda tsaro, amma mutumin ƙauye yana nan bisa babur, kansa a waje.

Dubi ƙasar Biyetnam, wadda ita ma ƙasar zafi ce, ta kuma fi mu hawan babur. Tun 2002 aka buɗe masana'anta a Hanoi mai ƙera hula marar nauyi. Aka yi ta wayar da kan jama'a, kana doka ta soma aiki ran 15 ga Disamba 2007, kusan kowa ya sa. Watau su sun fara da hula, mu muka fara da bulala.

Saboda haka ga abin da muke bukata. Na ɗaya, Gwamnatin Tarayya ta cire kuɗin fito daga hular kwano, ta kuma hana shigo da ta jabu mai fashewa kamar ƙwai. Na biyu, kada a sayar da sabon babur sai da hula biyu. Na uku, ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa su sayo hula su ba ƙungiyoyin 'yan acaɓa bashi, a biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya iya raba babura lokacin zaɓe ba zai kasa raba hula ba. Na huɗu, in tara ta zo, ta zo da rasit, kada doka ta zama gonar masu tsare hanya. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, ɗan acaɓa da ƙyar yake ciyar da gida.

Ku kuma 'yan'uwa mahaya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kun ce zafi, kun ce ƙazantar kan wani, wasu ma sun ce ana sa asiri a ciki. Zafi dai na ɗan lokaci ne, ƙazanta kuwa hular yadi a ƙarƙashi ta isa maganinta. Masu cewa ajali ba ya jin hula, gaskiya ne, amma addini ya hore mu mu ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Kada fushinku da mahukunta ya sa ku bar marayu.

Allah ya kiyaye hanya, amin.