ZAUREN 'YAN UWA MATA: Ciwon Kan Goggo Ba Sammu Ba Ne

Yau na ajiye zancen soyayya a gefe, domin abin da ya faru a gidanmu ya tsaya mini a rai, sai na faɗa muku zan sami sukuni.

Goggona ta fi shekara tana fama da ciwon kai, can ciki bayan ido, wani lokaci ya hau tsakar ka ya gangara ƙeya. Panadol ta sha har ta gaji, kafson kemis kuwa ba a magana. Da ta fara ganin abu bibbiyu, sai mutan gida suka ce ai shi ke nan, kishiya ce ta yi mata sammu. Wallahi har gaisuwa aka daina yi da baiwar Allah, yaran ɗakunan biyu suka raba kwanon abinci.

Da ƙyar Yayana ya kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ashe funfuna ce! E, dangin wadda kike gani a kan burodi in ya kwana biyu. Likita ya ce a ƙasusuwan kanmu akwai koguna na iska iri huɗu masu haɗe da hanci. Wanda ya fi nisa a ciki sunansa Sifinoyid, yana tsakiyar ƙoƙon kai, dab da jijiyar gani da babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ƙwayar funfunar tana yawo cikin ƙura, kowa na shaƙarta, amma a jikin wasu sai ta zauna a kogon ta dunƙule kamar curin laka. An fi samun haka a mata manya, sa'annin iyayenmu.

Hoton ƙashi na yau da kullum bai cika nuna wurin ba, sai da aka yi mata hoton siti sikan, aka kuma leƙa hancin da siririyar na'ura mai fitila. Kafson da ta yi ta sha ba ya kashe funfuna ko kaɗan. Aiki aka yi mata ta ƙofar hanci, ba a tsaga fuska ba, aka buɗe kogon aka kwashe dattin aka wanke. Yanzu Goggo da kanta take zura zare a allura.

Amma ku kula, akwai mugun nau'i mai cin nama, wanda ya fi kama masu ciwon suga da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Shi ne ya addabi ƙasar Indiya a 2021 lokacin korona, har wasu suka rasa ido. Wannan ba ya jira, sai aiki cikin gaggawa da allurai masu ƙarfi a gadon asibiti.

Don haka ƙanwata, idan Inna ta yi makonni tana kukan ciwon kai magani ya ƙi ci, balle gani ya fara dishi-dishi ko fatar ido ta sauko, ki lallaɓi Baba a kai ta babban asibiti, kin ji? Kada a tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi. Ranar da aka sallamo Goggo, kishiyar nan ce ta dama mata kunu, mu kuwa kunya ta hana mu haɗa ido da ita.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raba mu da zato, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.