Har yaushe mai ciwon hanji zai yi ta barar ransa?

Raina yana ɓaci duk lokacin da wani ya miƙe bayan sallar isha'i ya ce, "Jama'a a taimaka, akwai yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ciwon hanji ya kwantar da shi." Wanda ya miƙe Allah Ya saka masa, haka ma wanda ya zaro ɗari biyar ɗin cefanensa ya jefa. Fushina yana kan ƙasar da ta mayar da ƙoƙon bara inshorar lafiyar talaka, da kuma mu da muka saba da hakan har ya daina ba mu kunya.

Ciwon da nake magana a kai iri biyu ne. Akwai cutar Crohn, wadda likitan Amurka Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, akwai kuma gyambon babban hanji da likitoci ke kira kolaitis. A dukansu garkuwar jiki ce ke far wa hanjin mai ita. Sun fi kama mutum tsakanin shekara 15 da 35, wato daidai lokacin karatu, neman sana'a da shirin aure. Zawo da jini, murɗar ciki, rama, ƙarancin jini, wani lokacin har ƙurji ya ɓulle ta gefen dubura ya riƙa yoyo. Ciwon yakan lafa ya dawo. Ita Crohn ko an yanke ɓangaren hanjin da ya lalace tana iya ɓullowa a wani wurin.

Kafin ma a gano sunan cutar an tatse gidan majinyacin. An ce basir ne, an sha sassaƙe daga mai lasifika a bakin kasuwa. An ce atini, an ce taifot, an ɗura masa ƙwayoyi. Wani an ɗora shi wata shida kan maganin tarin fuka na hanji, domin alamunsu suna kama. Wata gwaggo ta rantse sammu ne. Ranar da za a kai shi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a zura na'ura a leƙa hanjin, an riga an sayar da akuya, an jinginar da gona.

Daga nan ne ainihin kashe kuɗin zai fara, kuma nan ne gudummawarmu ta lokaci ɗaya take gazawa. Mu mun iya haɗa kuɗin tiyata: a faɗi adadi, a tara, a yi aiki, a yi godiya. Wannan ciwo ba shi da adadin ƙarshe. Idan ƙwayoyi irin su mesalazine da azathioprine suka kasa, likita zai rubuta infliximab, wanda ake sa wa ta jijiya. Ana yin na farko, a ƙara bayan mako biyu, a ƙara a mako na shida, sannan duk bayan mako takwas. Da nauyin jiki ake aunawa, mai kilo 60 yana buƙatar kwalba uku a zama ɗaya, kuma zaman nan guda ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. Daga waje ake shigo da maganin, tun da aka saki darajar naira a 2023 farashi ya haukace.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Wannan magani ba a yi masa sha-ka-tashi. Idan an fara aka tsaya saboda kuɗi sun yanke, jiki yana iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi maganin, ranar da aka dawo masa ya ƙi aiki ko ya jawo wata matsalar. Ke nan kuɗin da jama'a suka tara a karon farko sun tafi a banza. Yaron sai ya koma kemis yana sayen prednisolone mai araha, wanda idan aka daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi.

Kuma mu masu bayarwa muna da laifi. Sai mun ga hoto muke yarda. To me budurwa 'yar shekara 22 za ta nuna mana? Zaninta da ya ɓaci? Jakar da aka maƙala mata a ciki tana tara bayan-gida? A karo na uku da za a nemi taimako sai ka ji ana cewa, "Wai ba wancan watan aka tara musu ba?" Wannan magana zalunci ce a kan wanda kunya ta riga ta hana shi zuwa makaranta da masallaci.

Hukuma fa? A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, har da asusun marasa galihu da aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Amma har yau fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Ɗan siyasar da ke raba kujerun Umara don a yi masa kirari ba ya tambayar matasa nawa ne a mazaɓarsa suka yanke magani a wannan watan.

Ina kira ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da takwarorinta na jihohi su sa gwajin leƙa hanji da waɗannan magunguna cikin abin da suke biya, su saye su a dunƙule don farashi ya sauka. Hukumomin zakka da waƙafi na Kano, Sakkwato da Zamfara su buɗe asusun masu ciwon da ba ya warkewa, su riƙa biyan kantin maganin asibiti kai tsaye, ba tare da an ɗauki hoton kowa ba. Attajirin da ke son taimakawa ya je wurin likitocin hanji, ya ɗauki majinyaci guda, ya rattaba hannu cewa duk mako takwas kuɗin allurarsa suna kansa har shekara ta zagayo.