Kyanwa da Sanƙarau: Inda Haɗarin Yake

Da zafin bazara ya kankama, kalmar sanƙarau takan dawo bakin mutanen Jigawa, kuma da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu a jihar nan. To, idan magidanci a Achilafiya ya ga kyanwarsa ta sanƙare wuya tana tangaɗi, ba laifi ba ne ya tambaya ko za ta shafa wa 'ya'yansa.

Ƙwayar da ke haddasa annobar sanƙarau a jikin ɗan Adam kaɗai take zama, daga numfashin wani zuwa wani take yawo, musamman a ɗakin da aka cunkushe babu taga. Kyanwa ba ta ɗauke da ita. Kashe kyanwar ba ya kare kowa, sai dai ya sakar wa ɓera rumbu.

Ita ma kyanwa takan yi nata kumburin na rufin ƙwaƙwalwa da laka, ko da yake ba kasafai ba. Yakan iya farawa daga ciwon kunne da aka ƙyale ya ruɓe, ko daga cizon da muzuru ya samu a ka wajen faɗa. Sai zazzaɓi, da karkata kai, da zagaye wuri guda, wani lokaci farfaɗiya. Idan an kai ta asibitin dabbobi da wuri, magani na makonni yakan iya cetonta. Amma mu nan, tsakani da Allah, saniya da rago ake kai wa likita, kyanwa kuwa sai dai a ce aljanu sun shige ta.

Abin tsoron shi ne waɗannan alamu sun yi kama da na ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma ke kamuwa da shi, kuma da zarar ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ido ba ya rarrabe su. Don haka a rufe ta a ɗaki, a hana yara taɓa ta, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, ko da tafiyar za ta kai shi Kazaure.