Baƙar Mota da Ranar Kano

Malam Edita,

Tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, 'yar Kwatano ta yi tsada, shi ya sa nake jan kunnen masu saye. Ni na ɗauko baƙa don ƙwalisa. A watan Afrilu cikinta kamar tanda, lokacin hunturu kuwa kafin in kai Gyadi-Gyadi daga Hotoro ƙura ta mai da ita ja.

Yaran wanki kuma suka yi ta dirza ta da omo har fentin ya dushe. Wani mai fenti a Tarauni ya ɗora maganaɗisu a ƙofarta, bai kama ba. Ashe ciko ne, ta taɓa haɗari.

Yanzu fara nake nema.

Naku,
Mai karatu daga Hotoro, Kano