Peugeot: tsohuwar zuma da sabon yayi

Malam Edita,

Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan motocin Peugeot.

Tun 1975 da aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot ta PAN a Kakuri, Kaduna, motar nan ta zama 'yar gida. Mu nan Makarfi da Ikara da Kudan, a-kori-kura 404 da 504 su suka yi mana dakon rake da tumatir. A lafta mata kaya har bayanta ya dangana da ƙasa, a ɗaure ƙyaure da igiya, ta kai Zariya lafiya. In ta tsaya, bakaniken gindin bishiya ya busa kafireto, sai tafiya.

Daga 406 ne baki ya rabu. Wani ya ce ba ta da na biyu a kan kwalta, wani ya ce wutarta ta ƙarar da shi. A ganina yawancin masu kukan 'yar Kwatano suka saya, kuma gyaranta sai mai na'ura.

Tunda kamfanin Ɗangote ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 2022, muna kira a wadata mu da kayan gyara na asali, a kuma horar da yaranmu kanikawa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Makarfi