Hoto Ba Suna Rabin Shaida Ne

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Da wannan karin magana nake kare kaina duk sa'ad da abokaina a ɗakin kwana suka tasa ni gaba da ba'a, suna kirana Mai Hoto, don ba ni da hira sai ta kyamara. Amma dogon hutun da ya wuce ya nuna mini cewa gani kaɗai ba ya korar ji. Ra'ayin da nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai shi ne, hoton da aka ɗauka ba da izinin mai shi ba, kuma ba a rubuta sunansa da wurin da ranar ba, rabin shaida ne, wani lokaci ma ya kan koma shaidar zur. Bari in faɗi yadda aka yi na kai ga wannan ra'ayi.

Ni mutumin ƙasar Karaye ne, mahaifiyata kuwa daga Rogo aka auro ta. Tana da ƙane mai sana'ar hoto a Fagge, cikin Kano. Da aka ba mu hutu na yi ta naci har Baba ya yarda in je wurin Kawu in yi mako uku. Na shiga mota ta Gwarzo, muka wuce Rimin Gado, muka sauka a Kabuga. Kashegari Kawu ya ɗauko wata tsohuwar kyamararsa ya rataya mini a wuya, ya ce duk inda za shi tare za mu. Wurare uku ne suka fi tsaya mini a rai.

Na farko shi ne wasan gardawa. Wata rana da la'asar, a bakin wata kasuwa, muka tarar jama'a sun yi da'ira, ana kiɗa. A tsakiya ga wani ƙato sanye da warki da layu, yana riƙe da kura da sarƙa, an sa mata takunkumi. Wani kuma ya naɗe mesa a wuya, ga goggon biri yana bin mutane yana karɓar kuɗi. Duk sa'ad da kurar ta zabura sai taro ya watse, yara na kuka, manya na dariya, can kuma a sake matsowa. Mutane kuɗinsu suke biya a tsorata su. Ni ma gwiwoyina rawa suke yi, amma na laɓe bayan wani mai lemo na ɗauki hoto uku a sace.

Ashe gardin ya gan ni. Ya nufo ni da kurarsa, ya ce, "Kai yaro, da izinin wa?" Bakina ya mutu. Kawu ya shiga tsakani ya ce, "Yi haƙuri Malam, ɗana ne, baƙo ne, bai san ka'ida ba." Gardin ya ce, "Da dabbar nan nake ci da iyalina. Ya ɗauke ni a ɓoye ya tafi, gobe in ga kaina a wayoyin mutane an ce ɗan fashi ne." Kawu ya ba shi ɗan abin goro, ya gaishe shi, ya tambayi sunansa da garinsu. Nan da nan mutumin ya sake, ya gyara tsayuwa da kansa, har ya gaya mana shekarun da ya yi yana wannan sana'a da kuma wanda ya gada. Hoton da na ɗauka bayan nan ya fi na satar kyau nesa ba kusa ba, don a cikinsa yana duban kyamara ido da ido.

A hanyar gida Kawu ya ce mini, "Ɗana, kyamara ba ta da kunya, sai mai riƙe da ita ya ara mata tasa." Sa'an nan ya ba ni labarin wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo. Shi wannan mutum ya fara ganin gardawan ƙasarmu ne a wani hoto da aka ɗauka da waya, ba suna ba bayani, ana ta yaɗa cewa 'yan fashi ne, ko masu karɓo bashi da ƙarfin kura. Sai ya taso ya zo Nijeriya a 2005, ya sake dawowa a 2007, ya zauna da su, ya tarar masu wasa ne da sayar da maganin gargajiya. A ƙarƙashin hotunansa ya rubuta sunan gardi, har da sunan kurarsa, da gari da shekara. Kun ga ke nan tsoron gardin nan ba na banza ba ne. Hoto marar suna ya jawo musu ƙazafi, hoto mai suna kuwa ya wanke su.

Wuri na biyu wasan mawaƙan zamani ne da aka ɗauki Kawu aiki a wurinsa. Ban taɓa ganin fitilu da lasifikoki irin na ranar ba. Da babban mawaƙin ya fito, wayoyi suka tashi sama kamar zangarniyar gero, kowa fuska ɗaya yake ɗauka. Ni da yake gajere ne ban hango komai ba, sai na zagaya gefen dandamali. A can na ga wani dattijo mai furfura da kalangu a hammata, gumi ya jiƙa masa riga, shi yake riƙe da kiɗan gaba ɗaya, amma ba wanda ya waiwaye shi. Da aka tafi hutun rabin lokaci na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ko ka yarda in ɗauke ka?" Ya yi murmushi ya ce rabonsa da a tambaye shi haka har ya manta. Ya faɗa mini sunansa, ya ce mahaifinsa makaɗin mahauta ne, a hannunsa ya koya. Na rubuta duka a bayan littafin lissafina. Sai na tuna da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Hotunansa suna nan ko'ina, kowa ya gan shi ya san shi. To, a cikinmu wa zai iya nuna makaɗa da 'yan amshin da ke zaune bayansa ya faɗi sunan ko mutum ɗaya?

Wuri na uku shi ne Gidan Makama, kusa da fadar Sarkin Kano. Tarihi ya nuna an gina gidan ne tun ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa kafin ya zama sarki, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Ban da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi, akwai tsofaffin hotuna na Kano, har da na zamanin da Turawa suka ci garin a 1903. Na daɗe tsaye gabansu. Sarakuna da manyan Turawa an san su. Amma mai riƙe da linzamin doki fa? Masu dakon kaya da mata masu tallan da suka faɗo cikin hoton fa? Waɗanda suka ɗauki irin waɗannan hotuna tun farko baƙi ne, talaka a wurinsu adon hoto ne kurum, ba su tsaya tambayarsa ko shi wane ne ba. Mai yiwuwa jikan wani daga cikinsu ya sha wucewa ta gaban hoton kakansa bai sani ba.

Na koma gida da hotuna fiye da ɗari, ina ta ɗoki. Na kai wa kakana, wanda ya haifi Baba, muka zauna a zaure yana dubawa. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Abokina, wannan kuma ɗan gidan wa ne?" A cikin wannan tuli duka, mutum biyu kaɗai na iya ba da amsa a kansu, watau gardi da mai kalangu. Tsoho ya tura mini sauran ya ce, "Ashe kallo ka je, ba zumunci ba."

Daga nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ƙauyen da aka haife shi, aka kuma haifi Baba, yana ƙarƙashin ruwan madatsar Challawa, wadda aka gama ginawa a ƙasar Karaye a 1992. An tashe su suka koma sabon matsuguni. Bai zagi madatsar ba, don albarkacinta ake noman rani da su, kuma ruwanta yana bin kogin Challawa har Kano. Abin da ke damunsa shi ne, in ya ce mana ga inda masallaci yake, ga rijiya, ga tsamiyar da ake ɗaurin aure a gindinta, sai mu riƙa dubansa kamar mai tatsuniya. Ba hoton garin ko guda. Ya ce in shi da sa'o'insa suka kwanta dama, garin ya nutse karo na biyu ke nan. Wannan magana ta hana ni barci a daren.

Sabo da haka nake cewa, mu 'yan Karaye da Rogo da sauran ƙauyuka mu ne wannan aiki ya fi hawa kanmu. Birni ba ya rasa masu ɗaukarsa. Hawan Sallar Kano ya shahara har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Duk da haka ko a birnin abubuwa suna ɓacewa, ga tsohuwar Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 wajen faɗaɗa titi, yanzu sai a hoto. In haka ta faru a Kano, ina ga ƙauyenmu? Ku dubi ma sarautar Karaye. A 2019 aka ɗaga ta ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan aka kafa masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Karaye da Rogo. Duk a gaban idonmu aka yi. Nan da shekara hamsin ɗalibin tarihi zai nemi shaidar yadda mutanen gari suka ga wannan zamani, kuma wurinmu zai nema. Wata baiwar Allah 'yar Maiduguri, Fati Abubakar, ta ba mu misali. Da ta ga duniya ba ta san garinsu da komai ba sai tashin bom, ta ɗauki kyamara tun wajen 2015 tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, tana haɗawa da abin da suka faɗa da bakinsu.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan raina hujjarsu ba. Wasu za su ce yanzu kusan kowane gida akwai waya mai kyamara, me ya rage? Amsata ita ce, yawan hoto daban, adana shi daban. Waya ta kan faɗa ruwa, a kan sace ta, a kan goge abin da ke ciki don a sami wurin waƙoƙi. Hoto guda da aka wanke a takarda, aka rubuta bayani a bayansa, ya fi dubu da ke cikin wayar da ta mutu.

Wasu kuma, musamman iyayenmu, za su ce hoto ya zama hanyar tona asiri. Gaskiyarsu. Mun ga yadda ake ɗaukar mata a gidan biki ba da saninsu ba a watsa, mun ga masu tsayawa ɗaukar wanda mota ta kaɗe maimakon su taimaka masa. Amma wannan ai ita ce satar da na yi wa gardi, kuma maganinta neman izini. Wanda ya ce a'a, a sauke kyamara a gode masa. Gidan da ba a yi maka iso ba, kyamararka ma ba a yi mata ba.

Malamanmu kuwa za su ce shiririta ce mai hana karatu, shi ya sa ma aka hana mu riƙe waya a makaranta. Ban nemi a soke wannan doka ba, na san amfaninta. Roƙona ga shugaban makaranta da malamin tarihi shi ne a kafa mana ƙungiyar masu ɗaukar hoto, kamar yadda muke da ƙungiyar muhawara da ta manoma matasa. Kyamara ɗaya ta isa, ta zauna a hannun malami. In an tafi hutu, kowane ɗan ƙungiya ya dawo da hoto uku daga garinsu, ko da aron wayar yayansa ne: masunta a bakin madatsa, maƙeri a maƙerarsa, masaƙi, mai dafa mazarƙwaila, tsohuwar da ta iya kaɗi. Sharaɗi shi ne kowane hoto ya zo da abu huɗu, watau izinin mai shi, da sunansa, da wurin, da kwanan wata. A wanke biyu, ɗaya a ajiye a laburaren makaranta, ɗaya a mayar wa mai shi, don yaba kyauta tukuici. Ranar ba da kyaututtuka a kafa su a babban ɗakin taro iyaye su gani. Wanda ya yi wannan ya koyi tarihi, ya koyi rubutu, ya kuma koyi gaishe da manya.

Ni dai na riga na fara. Kafin in dawo makaranta na nemi izinin kakana, ya sa farar rigarsa da rawani, muka je bakin ruwa. Ya miƙa sandarsa ya nuna daidai inda garinsu yake, na ɗauka. A bayan hoton na rubuta sunansa, da sunan mahaifinsa, da sunan garin da ya nutse, da ranar. Yana nan cikin akwatina, duk mai son gani ya same ni bayan karatun dare. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da idonmu ya gani, amin.