Kuɗin wata ne ke riƙe ajin motsa jiki

Jama'a, ni dai ina bayan mai horarwar da ke karɓar kuɗin wata tun ranar farko, ko da za a ce ya cika son kuɗi. Ajin mutum shida tamkar adashi yake, in ɗaya ya ƙi zubi sauran ne ke kwana ciki. A tsarin biyan kullum, ranar da sanyin hunturu ya sauko mutum biyu za ka tarar da asuba, alhali kuɗin haya da na man janareta ba su ragu ba. Wanda ya biya wata kuwa, ko don kuɗinsa zai yaye bargo ya fito, kuma zuwa uku a mako na minti 50 ya cika masa minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu. Sai dai malam mai horarwa, kuɗin nan amana ne. Idonka aka saya, don ka lura da gwiwar dattijon da ke durƙusawa a karkace, ka kuma san mai hawan jini kafin ka miƙa masa ƙarfe. Kada kwaɗayi ya sa ka mayar da shida ashirin.